Abin da ya kamata ka yi idan ka iske haɗarin mota a kan hanya, mataki bayan mataki

Masu karatu da dama, musamman direbobin haya da 'yan kasuwa masu yawan zirga-zirga, sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: idan mutum ya iske haɗari ya auku, ga mutane kwance jina-jina, babu jami'in lafiya a kusa, da me zai fara? Tambayar tana kan hanya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke aukuwa. A irin hanyoyinmu, inda motar ɗaukar marasa lafiya kan daɗe ba ta iso ba, ko ma ba za ta zo ba, wanda ya fara isa wurin yawanci fasinja ne, ko ɗan acaɓa, ko manomin da ke aiki a gefen titi. Mutanenmu ba su da ƙarancin tausayi, kowa da gudu yake zuwa. Abin da ke jawo asara shi ne rashin sanin abin da ke gaba da abin da ke baya, shi ya sa aka jera matakan nan bisa tsarin da ya kamata a bi su.

Kayan da ya kamata su kasance a motarka

Ka tanadi safar hannu ta roba kamar ƙafa biyar ko shida, da naɗin bandeji mai faɗi guda uku ko huɗu, da ƙyallen rufe rauni da ake sayarwa a ƙulle cikin takarda, da filasta, da almakashi mai kaifin da zai iya yanka tufa da bel ɗin kujera. Ka haɗa da tocila mai rai, da zane ko bargo guda, da ruwa mai tsabta. Duk waɗannan ana samunsu a kemis da kasuwa, kuma jaka ƙarama ta ishe su. Sai kuma abubuwa biyu da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a shingen bincike, wato alamar gargaɗi mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara. Farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari.

Gargaɗi: direbobi da yawa suna sayen tukunyar ne don gudun tara kawai, su jefa ta can ƙarƙashin kaya har ta lalace. Ka riƙa duba allurar da ke wuyanta, idan ta sauka ƙasa da wurin kore to ƙarfinta ya ragu. Ka kuma ajiye ta inda hannunka zai kai ba sai ka sauke buhuna ba.

1. Ka tsaya inda ba za ka jawo haɗari na biyu ba

Kada ka taka birki a tsakiyar titi don ka ga abin da ya faru. Ka wuce wurin kaɗan, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka kunna siginoni duka biyu, ka ja birkin hannu. Kafin ka taɓa kowa, ka tura mutum biyu su tare hanya ta gaba da ta baya, ɗaya da alamar gargaɗi, ɗaya da ganye ko rassan itace kamar yadda direbobin manyan motoci suka saba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka alamar da aka ajiye taku goma daga wurin ba ta da wani amfani. A babbar hanya ka kai ta taku ɗari ko fiye, idan kuma a kwana ne ko bayan tudu, to a ajiye ta kafin kwanar, inda mai zuwa zai hango ta da wuri. Da dare masu tare hanyar su riƙe tocila, su tsaya a gefe, kada su tsaya a kan layi.

Daga nan ka kashe injin motar da ta yi haɗarin, ka zare makulli, ka sa dutse a ƙafarta idan tana iya gangarawa. Ka hana shan taba da kunna ashana. Idan wayar lantarki ta faɗo a kan motar, kada kowa ya taɓa ƙarfenta, waɗanda ke ciki kuma su zauna yadda suke har a yanke wuta.

Gargaɗi: idan tankar mai ce ta faɗi, ko ka ji warin fetur ya cika wurin, aikinka na farko shi ne korar mutane nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana bin kwata da ramuka, kuma tartsatsi ɗaya ya isa. A garin Majiya na jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, fiye da mutum 150 ne suka rasu, akasarinsu waɗanda suka taru kwasar man da ya tsiyaye. Wata uku bayan haka, a Janairun 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, inda aka rasa fiye da mutum 80.

2. Ka kira agaji, kuma ka san abin da za ka faɗa

A Najeriya lambar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ita ce 122, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112, dukkansu kyauta ake kira. A Nijar ana kiran 18 don 'yan kwana-kwana, 17 don 'yan sanda. Kada ka yi ihu cikin taro cewa a kira agaji, domin kowa zai ɗauka wani ya kira. Ka nuna mutum ɗaya, ka ce, "Malam, kai mai farar hula, don Allah ka kira 122 yanzu, ka dawo ka faɗa mini abin da suka ce."

Abin da ya fi ɓata lokaci a waya shi ne kwatance. Cewa "a hanyar Kano zuwa Zariya" bai wadatar ba, domin hanya ce mai tsawo. A ce, misali, an wuce Kwanar Ɗangora da kamar kilomita biyar, a hannun masu zuwa Zariya, kusa da gidan mai kaza ko gada kaza. A faɗi yawan motocin da irinsu, da yawan waɗanda suka ji rauni, da ko akwai wanda ya maƙale, da ko mai yana zuba. Mai kiran ya bar wayarsa a kunne, don za su iya sake nemansa. Idan babu sabis a wurin, a tura mai babur zuwa shingen jami'an tsaro ko gari mafi kusa.

3. Ka zagaya ka ga kowa kafin ka durƙusa kan mutum ɗaya

Zuciya takan ja mutum zuwa ga wanda ya fi kowa kururuwa, amma mai kururuwa yana numfashi kuma yana cikin hayyacinsa. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Ka ɗaga murya ka ce duk mai iya tafiya ya koma gindin waccan bishiya ya zauna, da haka ka rage yawan waɗanda za ka duba. Cikin sauran, ka fara da wanda jini ke kwarara daga jikinsa da ƙarfi da wanda numfashinsa ke sarƙewa, sannan masu karaya da sauran raunuka.

Ka tambayi direba ko yaron mota ko wani fasinja mutum nawa ne a cikin motar, sannan ka ƙirga. Idan mota ta yi ta ƙundumbala, takan watsar da mutane cikin ciyawa ko kwalbati, kuma ƙananan yara su ne aka fi mantawa da su. A sa mutum biyu su bi gefen hanyar da tocila suna dubawa.

Gargaɗi: taron 'yan kallo yana toshe iska da hanya. Ka ba wani dattijo ko mai faɗa a ji aikin mayar da mutane baya, ya kuma hana ɗaukar hoton waɗanda ke kwance, domin bai dace iyali su fara ganin gawar ɗansu a WhatsApp ba. Haka nan kada a bari a far wa direba da duka. Laifinsa aikin hukuma ne, kuma tsoron dukan nan ne ke sa wasu direbobin su buge mutum su gudu.

4. Numfashi

Ka sa safar hannu, idan babu ka zura hannunka cikin leda mai tsabta. Ka durƙusa ta wajen kan mutumin, ka yi masa magana da ƙarfi, ka ɗan taɓa kafaɗarsa ba tare da jijjiga ba. Idan ya amsa, ka ce masa kada ya motsa kansa, ka ci gaba da yi masa magana. Idan bai amsa ba, ka kai kuncinka kusa da bakinsa, idonka kan ƙirjinsa, har tsawon daƙiƙa 10. Abin da kake nema shi ne ƙirji yana hawa yana sauka a kai a kai.

Wanda ya suma, harshensa kan koma baya ya toshe maƙogwaro, ko jini da amai su taru masa a baki. Ka cire abin da idonka ya gani kawai, kamar goro ko karyayyen haƙori. Don buɗe hanyar iska ba tare da lanƙwasa wuya ba, ka sa yatsunka a kusurwar muƙamuƙinsa ta ƙarƙashin kunnuwa biyu, ka tura haɓar gaba a hankali. Idan yana numfashi amma yana amai, a juya shi kan gefensa gaba ɗaya, mutum ɗaya riƙe da kai, biyu ko uku suna juya jiki a lokaci guda, ta yadda kai da wuya da gadon baya za su tafi a layi ɗaya. Mai tsohon ciki a fi kwantar da ita ta gefen hagu.

Idan babu numfashi sam, ko sai wata irin shaƙuwa jefi-jefi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ka ɗora tafin hannu ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, ka riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Aiki ne mai gajiyarwa, a riƙa karɓa-karɓa duk bayan minti biyu.

Gargaɗi: kada a ɗura wa mai rauni ruwa, ko madara, ko lemo, ko da yana roƙo. Wanda hankalinsa bai dawo daidai ba zai iya shaƙewa, kuma idan aikin tiyata ya kama, ciki cike yana kawo matsala wajen sa barci. A jiƙa masa leɓe da ɗanyen ƙyalle kawai. Haka kuma kada a kwara wa sumamme bokitin ruwa ko a mare shi don ya farfaɗo.

5. Tsayar da jini

A nan ne mutum marar ilmin likita zai fi ceton rai, domin jinin babbar jijiya yana iya ƙarar da mutum cikin 'yan mintoci. Ka yanke tufar ka ga ainihin inda jinin ke fita. Ka ɗora ƙyallen rauni, ko rawani, ko ɗankwali, ko riga mai tsabta, ka danna da nauyin jikinka, ka riƙe aƙalla minti goma ba tare da ɗagawa don leƙe ba. Kowane leƙe yana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. Idan ƙyallen ya jiƙe, ka ɗora wani a kai, ka ƙara ƙarfi. Idan raunin mai zurfi ne a cinya ko hammata, ka cusa ƙyallen cikin ramin har ya cika, sannan ka danna. Bayan jini ya lafa, ka naɗe da bandeji ya kama sosai.

Idan hannu ko ƙafa ce ta guntule, ko jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa duk da dannawa, sai a ɗaure gaɓar. Ka sami ƙyalle mai faɗin yatsu uku, ka zagaya shi kamar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ta ɓangaren jiki, ba a kan gwiwa ba. Ka ƙulla, ka ɗora sanda gajeriya ko sifana a kan ƙullin, ka sake ƙullawa, sannan ka riƙa murɗa sandar har jinin ya ɗauke, ka ɗaure ta kada ta warware. Zai yi zafi ƙwarai, kuma mutumin zai roƙe ka ka sassauta, amma kada ka sassauta. Ka rubuta lokacin da aka ɗaure a kan fatarsa ko a filasta, domin shi ne abin da likita zai fara tambaya.

Gargaɗi: kada a yi ɗaurin da waya, ko igiya siririya, ko robar tayar keke, domin suna yanka nama ba tare da sun tsayar da jinin ciki ba. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai, ko man birki a rauni. Ƙarfe ko gilashin da ya soke jiki kuma a bar shi inda yake, a tallafe shi da ƙyalle ta kowane gefe, domin sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar. Gaɓar da ta cire a naɗe ta da ƙyalle mai tsabta, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar kan ƙanƙara idan akwai, a tafi da ita tare da mai ita.

Akwai kuma jinin da ba a gani. Idan mutum ya yi fari fat, yana gumi mai sanyi, yana numfashi sama-sama, yana kukan ƙishirwa, cikinsa ya yi tauri, to jini yana zuba a ciki. Babu abin da za ka iya yi masa a bakin titi illa ka kwantar da shi, ka lulluɓe shi da bargo, ka sa shi cikin waɗanda za a fara tafiya da su.

Ƙuna kuwa, ruwa mai tsabta za a yi ta kwarara mata har kamar minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ba a shafa ƙwai, ko manja, ko man goge baki.

6. Fitarwa da ɗauka

A ganina wannan ne matakin da aka fi yin ɓarna a cikinsa da kyakkyawar niyya. Sau da yawa za ka ga an kama mutum ta hannuwa da ƙafafu, kansa na reto, an jefa shi bayan mota. Idan ƙashin wuyansa ko na bayansa ya tsage amma lakar da ke cikin ƙashin ba ta taɓu ba, wannan ɗaukar ce za ta iya tsinka ta, mutumin da zai iya warkewa ya koma shanyayye har ƙarshen rayuwarsa. Duk wanda ya suma, ko mota ta wurgar da shi, ko yake kukan ciwon wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a ɗauke shi a matsayin mai karayar ƙashin baya.

Idan babu gobara, motar ba ta faɗa ruwa ba, babu wata barazana, kuma jami'ai suna kan hanya, a bar wanda ke cikin mota a kujerarsa, wani ya shiga ta baya ya riƙe masa kai da tafuka biyu. Wanda ƙarfe ya danne kada a fizge shi. Idan kuwa dole ne a ɗauka, a nemo abu mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, kamar ƙyauren ƙofa, ko katako mai faɗi, ko bencin mai shayi. Mutum huɗu ake bukata, kuma mai riƙe da kai shi ne mai ba da umarni, da ƙirgensa za a juya, da ƙirgensa za a ɗaga. A naɗe tufafi a sa ta gefen kai biyu, a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu da ƙafafu a jikin katakon da zane.

Karayar hannu ko ƙafa a tallafe ta yadda aka same ta, da sanda ko kwali mai kauri da ya zarce gaɓar sama da ta ƙasa. Kada a ja don a miƙar, kada a tura ƙashin da ya ɓullo, a rufe shi kawai.

Gargaɗi: ɗan acaɓa mai hular kwano, a bar masa ita idan yana numfashi lafiya, a ɗaga gilashin gaba kawai. Ba a cire ta sai idan tana hana numfashi ko yana amai, kuma mutum biyu ne za su cire, ɗaya tallafe da wuya.

7. Zaɓen mota da asibiti

A-kori-kura ko bas da aka kwantar da kujerunta ta fi ƙaramar mota, domin mai rauni zai kwanta a miƙe. Babur da a-daidaita-sahu na masu ƙaramin rauni ne kawai. Wani ya zauna kusa da shi yana riƙe da kai yana lura da numfashi, direba kuma ya yi tafiya mai natsuwa, kada gaggawa ta haifar da wani haɗarin.

Mai zubar jini ko matsalar numfashi a kai shi babban asibitin gwamnati mafi kusa, inda ake da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini, ko da za a wuce ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a hanya. Daga can ne za a tura shi asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Sakkwato, ko na Maiduguri, ko asibitin ƙashi na Dala, idan raunin kai ko na baya ya bukaci haka. Kada a fara da gidan maɗori, domin ba a san abin da ke cikin ƙirji da ciki ba sai an yi hoto, kuma karayar da ta huda fata tana ruɓewa idan aka ɗaure ta ba a wanke ba.

Mutane da yawa suna gudun kai mai rauni asibiti don tsoron a riƙe su ko a nemi takardar 'yan sanda. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya a Najeriya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Duk da haka, a aikace za a iya neman kuɗin kati, da magani, da hoto, da jini, shi ya sa yake da kyau a nemi 'yan'uwansa tun ana hanya, ta wayarsa ko ta takardar sunayen fasinjoji da ake cikewa a tasha. Ka faɗa wa ma'aikatan lokacin haɗarin, da ko ya suma, da abin da aka yi masa.

8. Kaya, rahoto da kwanakin da ke biye

Wayoyi da jakunkuna da kuɗin mutane a tattara su hannun mutum ɗaya a gaban shaidu, a rubuta, a miƙa wa jami'ai. Waɗanda suka rasu a suturta su da zane, a bar wa hukuma ɗaukarsu. Kafin a bar wurin a kwashe duwatsu da rassan da aka jera a titi, domin barinsu kan kayar da masu babur da dare. Kai kuma ka wanke hannu da sabulu, idan jinin wani ya taɓa maka rauni, ko ido, ko baki, ka je asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72.

Waɗanda suka tashi da ƙafafunsu suka ce lafiyarsu lau, su ma su je a duba su, a yi wa masu rauni allurar tetanus. Wanda ya bugu a kai kada ya kwana shi kaɗai a kwana biyun farko, kuma a mayar da shi asibiti nan take idan ya fara amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyin da ake wahalar tashinsa, ko rikicewar magana, ko ruwa yana fita ta hancinsa ko kunnensa.